Faifan GV: Yadda Kiɗan Kyuba Ya Komo Gida

A wannan wata zancenmu na faifan garmaho ne, irin baƙaƙen nan masu nauyi da ake samu a ƙasan adakar tsofaffi. Wanda ya ci karo da mai hoton kare zaune gaban garmaho, da harufan GV kafin lamba, to, kada ya miƙa wa yara su yi wasa da shi. Ga dalili.

A 1933 kamfanin His Master's Voice na Ingila ya fara buga waƙoƙin ƙasar Kyuba da maƙwabtanta don kasuwar Afirka, ya sa musu lambar GV. Kafin a daina, wajen 1958, an fitar da kimanin 250. Na farkonsu shi ne El Manisero, wanda Antonio Machín ya rera a New York a 1930 tare da makaɗan Don Azpiazu. Ma'anar sunan kuwa mai tallar gyaɗa. Wato dai kiran ɗan talla ne a kan titi aka ɗora wa ganga da ƙaho, ya zagaye duniya.

Faya-fayen nan sun biyo jiragen ruwa sun sauka a Dakar da Akra da Duwala da Matadi, kuma nan da nan suka samu karɓuwa. Ba abin mamaki ba ne. Har cikin shekarun 1860 ana kai bayi Kyuba daga ƙasar Yarabawa da Kalaba da Kwango, ba a hana bauta a can ba sai 1886. Gangunansu ba su mutu ba. Ku kasa kunne ga 'yan sandunan nan biyu da ake bugawa sau biyar, uku sannan biyu: duk kiɗan a kansu yake tsaye, kuma kunnen mutumin Afirka ta Yamma ya riga ya san su.

Mutanen Kwango su suka fi kowa cin moriya. Tun mawaƙansu suna kwaikwayon Sifaniyanci ba tare da sun san abin da suke faɗa ba, har suka koma Lingala. Joseph Kabasele ya kafa African Jazz a 1953, Franco da abokansa suka biyo da OK Jazz a 1956. Sunan rumba ma daga jikin faifan suka ɗauke shi, alhali su mutanen Kyuba son suke kiran yawancin waƙoƙin. A 2021 UNESCO ta sa rumbar Kwango cikin al'adun gado na duniya.

Ni dai a ganina, gwanin da ya fi cancantar a tuna shi ne Chano Pozo, makaɗin Habana, ɗan ƙungiyar asiri ta Abakuá wadda tushenta ke yankin Kalaba da kudu maso yammacin Kamaru. Shi ya shigar da gangar konga cikin jaz ɗin Dizzy Gillespie, suka yi Manteca a 1947. Shekara guda bayan haka aka harbe shi a wata mashaya a Harlem, yana da shekara 33.

Daga baya zumuncin ya zama na kai da kawowa. Manu Dibango na Kamaru ya hau dandamali da Fania All Stars a 1973, su kuma suka zo Kinshasa da Celia Cruz a 1974. A 1993 Ibrahima Sylla da Boncana Maïga suka haɗa mawaƙan Senegal da makaɗan New York a faifan farko na Africando.

Masu irin wannan kaya a gida, a jera su a tsaye, nesa da rana, don saurin fashewa gare su. A goge da ɗan tsumma mai laushi da ruwa kaɗan; sifirit narkar da su yake yi. Allurar ƙarfe kuma a sake ta bayan kowane gefe, in ba haka ba ta cinye waƙar.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.