Sauya sana'ar jarumi a wasannin intanet: da wace ƙa'ida?

Duk wanda ya buɗe wasan World of Warcraft karo na farko, kafin ya taka ko taki ɗaya a duniyar wasan, sai an tilasta masa yin wani zaɓi da bai san nauyinsa ba tukuna. Zai ƙera jaruminsa, ya raɗa masa suna, sannan ya zaɓa masa sana'a: mayaƙi, ko maharbi, ko matsafi, ko ɗan dabara mai sanɗa. Bayan wata shida, idan ya gane cewa ya yi kuskure, babu hanyar gyara face ya ajiye jarumin ya sake ƙera wani daga tushe. Kamfanin Blizzard, wanda ya fitar da wasan a 2004, yana karɓar kuɗi don sauya wa jarumi suna, ko jinsin halittarsa, ko ɓangaren da yake yi wa yaƙi, amma bai sayar da sauyin sana'a ba. Ko wannan tsattsauran ra'ayi daidai ne? Amsar ita ce ya kamata a bari a sauya, da sharaɗin mutum ya koyi sabuwar sana'ar da hannunsa.

Tsarin sana'a ya samo asali ne daga Dungeons & Dragons, wasan tebur da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, wanda ya fara da sana'o'i uku: mayaƙi, mai sihiri da malamin addini mai warkarwa. Hikimar ita ce kowa ya gaza a wani fanni, domin ya buƙaci ɗan'uwansa. Wasannin intanet sun gaji wannan tsari. A World of Warcraft, tawagar da ke shiga kogon dodanni mutum 5 ce: mai garkuwa ɗaya da ke tare duka, mai warkarwa ɗaya, da masu kai hari uku. Idan mai warkarwa ya yi sakaci na daƙiƙa kaɗan, duk tawagar ta hallaka, aikin sa'a guda ya tafi a banza.

Masu adawa da sauyi suna da hujja mai ƙarfi a nan. Matakin da jarumi ya kai shaida ce ga baƙin da za su yi tafiya da shi cewa mai shi ya daɗe yana wannan aiki. Wanda ya kai mai warkarwa mataki na ƙoli ya sha gazawa, ya san lokacin da ake tattalin ƙarfi da lokacin da ake kashe shi. Idan maharbin jiya ya biya kuɗi ya wayi gari mai warkarwa a wannan mataki, shaidar ta zama ƙarya, kuma mutum huɗu da suka dogara da shi su ne za su biya farashin. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Hujjarsu ta biyu ita ce, duk lokacin da kamfani ya ƙara wa wata sana'a ƙarfi, jama'a za su kwarara cikinta su bar sauran kango.

Sai dai haramcin gaba ɗaya ma yana da nasa farashin, kuma a kan mutanen da ya kamata wasan ya riƙe yake faɗawa. Jarumin wasa ya ƙunshi abubuwa da yawa ban da sana'a: sunan da abokai suka san shi da shi, ƙungiyar da yake ciki, dabbobin hawa da kayan ado da ya tara cikin shekaru, da labarin da ya riga ya kammala. Ma'aikacin da ke da sa'a biyu kacal da dare, idan aka ce ya zubar da wannan duka don kawai ƙungiyarsa na buƙatar mai garkuwa, sau da yawa zai gwammace ya daina wasan. Ƙarancin masu garkuwa da masu warkarwa kuwa tsohuwar matsala ce, har Blizzard ta fara ba da tukuici na musamman ga waɗanda suka yarda su cike gurbin da ake ƙaranci a layin jiran tawaga. Kamfanin da kansa ya sassauta a hankali. A farkon wasan, sake rarraba baiwar jarumi a cikin sana'arsa yana cin zinariya da ke hauhawa har zuwa 50, amma a 2009 an ba kowa damar riƙe fannoni biyu yana sauyawa tsakaninsu.

Kamfanin Square Enix na Japan ya bi wata hanya. A Final Fantasy XI na 2002, da kuma Final Fantasy XIV da aka sake ginawa a 2013 ƙarƙashin jagorancin Naoki Yoshida, jarumi ɗaya zai iya koyon dukkan sana'o'i. A na biyun, sauya makamin da ke hannu shi ne sauya sana'a: ajiye takobi a ɗauki sanda, mayaƙi ya zama mai warkarwa. Amma kowace sana'a tana da matakinta daban. Gwarzon takobi da ya ɗauki sanda yau ɗan koyo ne, sai ya hau tsanin sabuwar sana'ar da kansa. Sunansa da abokansa da gidansa suna nan, gwaninta kawai ce ba a ba shi aro ba. Fargabar cewa kowa zai ruga sana'a ɗaya ma ta ragu, domin wanda ba zai yi asarar komai ba idan ya gwada mai garkuwa ya fi sauƙin amsa kiran tawagar da ta rasa shi.

Wannan tsari ma ba cikakke ba ne. Square Enix tana sayar da tsallaken mataki ga mai son hutar da kansa, kamar yadda Blizzard ta fara yi a 2014. Wannan ya nuna inda ainihin haɗarin yake. Kamfanin da ya hana sauya sana'a da sunan kare darajar ƙoƙari, alhali yana sayar da jarumi ƙosasshe ga mai katin banki, ya riga ya rushe hujjarsa. Abin da ke ɓata amana tsakanin 'yan wasa shi ne sayen mataki, ko an sauya sana'a ko ba a sauya ba.

Saboda haka ƙa'idar da ta dace ga masu ƙera irin waɗannan wasanni a fili take. Abin da ya shafi mutum, wato suna da tarihi da abokai da dukiya, ya bi shi duk inda ya koma. Abin da wasu ke dogara da shi, wato shaidar iya aiki, a same shi ta hanyar yin aikin. Za a iya gajarta wa tsohon ɗan wasa hanya, tunda ya san duniyar, amma kada a ɗauke masa ita. Zaɓin da mutum ya yi a minti biyar na farko, yana jahilin wasan, bai cancanci ya ɗaure shi shekara goma ba.