Maganin Ƙwannafi Ba Goro Ba Ne

Jama'a, kwanakin baya wani abokin aikina ya buɗe aljihun teburinsa, sai na ga fakitin omeprazole a jere. Na tambaye shi, ya ce shekara biyu ke nan yana sha kowace safiya saboda ƙwannafi. A kemis yake saye, likita bai taɓa duba shi ba. Na tabbata irinsa suna da yawa cikinmu.

Shi dai ƙwannafi yana faruwa ne in ruwan tsamin da tumbi ke narka abinci da shi ya kuɓuce ya hau sama, ya ƙona ƙirji har maƙogwaro. Farin maganin nan na ruwa da ƙwayoyin tsotsa suna kashe tsamin nan take, amma mai sinadarin magnesium yakan sa zawo, mai aluminium kuwa yakan sa bayan gida ya yi tauri. Omeprazole da 'yan'uwansa su kuma suna rage tsamin ne tun daga tushe. Magani ne mai amfani ƙwarai, sai dai wanda ya saya da kansa bai kamata ya wuce kwana 14 yana sha ba sai da shawarar likita. In aka shekara da shekaru ana sha, jiki yana iya rasa bitamin B12 da magnesium, ƙashi kuma ya yi rauni. Ranitidine ma, wanda aka daɗe ana yayi, a 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta sa aka janye shi daga kasuwa saboda wani gurɓataccen sinadari da aka samu a cikinsa.

Babban haɗarin kuwa shi ne maganin yakan rufe bakin ciwo alhali ciwon yana cin mutum. Tun 1982 likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cutar da ke haddasa yawancin gyambon ciki. Ita kuwa ba ta mutuwa da maganin rage tsami kaɗai, sai an haɗa da magungunan kashe ƙwayoyin cuta.

Saboda haka duk wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi, ko yana aman jini, ko haɗiya tana yi masa wuya, ko yana rama ba dalili, to, ya garzaya asibiti. Sauranmu kuwa mu rage maiko da yaji, mu bar taba, kada kuma mu kwanta sai abincin dare ya yi awa uku a ciki.

Abokin nawa dai ya yi mini alkawari zai ga likita. Allah ya ba mu lafiya, amin.