Soyayya a Zamanin Rinji: Wace Kunya Ce Ta Rufe Mana Baki?

 

Kwanakin baya, bayan an idar da sallar Juma'a, wani dattijo ya tsayar da ni a bakin masallaci, ya miƙo mini wayar 'yarsa, ya ce, "Malam, duba abin da yarinyar nan take karantawa. In ƙwace wayar ne, ko in bar mata?" Labari ne irin waɗanda ake rubutawa shafi-shafi ana turawa a zaurukan WhatsApp, an gina shi a zamanin da, kafin zuwan Turawa. Akwai budurwa mai tsananin kunya, wadda ba ta iya ɗaga ido ta dubi namiji, da saurayi ɗan gidan makaɗa, da wasu mutane da mahara suka kamo aka tsare a rinji, wato ƙauyen da mai dukiya yake ajiye bayinsa suna yi masa noma. Masoyan nan biyu su suka haɗa kai suka nuna wa kamammun hanyar gudu. Na ce masa, "Baba, a ba ni kwana biyu." Da na karance shi, sai na ga amsar ta shafi gidaje da yawa, shi ya sa na kawo ta wannan shafi.

Mun daɗe muna takun-saƙa da littattafan soyayya. Tun daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990, malamai da iyaye suna ƙorafi, har ta kai a 2007 aka ƙona wasu littattafai a bainar jama'a a Kano. Ƙorafin yana da tushe, domin akwai rubuce-rubucen da batsa da kwaɗayin abin duniya suka lalata. Sai dai wutar ba ta hana karatu ba. Littafin ya bar rumfar kasuwa ya shige waya, inda uba ba ya ganin bangonsa. Tunda 'ya'yanmu ba za su daina karanta labari ba, tambayar da ta rage ita ce wane labari za su karanta. A ganina, labarin da ya waiwayi zamanin bauta da gaskiya da ladabi ya fi amfanar su a kan labarin attajirin da ke sauka daga jirgi da akwatunan lefe.

Ga mutanen Karaye da Rogo, wannan zamani ba tatsuniya ba ne. A ƙasar Rogo garin Zarewa yake, kuma a ƙauyen Karo da ke kusa da shi Baba ta tashi, tsohuwar nan da aka haifa wajen 1877, ta rasu a 1951. A Giwa ta ƙasar Zazzau ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith tarihin rayuwarta tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi da Ingilishi a 1954 da sunan Baba of Karo. Abin da zai girgiza mai karatu a labarinta shi ne gidansu ya ɗanɗani abin ta fuska biyu. Danginta suna da rinji, bayi suna aikin gandun ubangida da safe, bayan azahar su koma gayaunarsu. Su kuma dangin nata ba su tsira ba, domin ƙasar tana bakin iyakar Kano da Zazzau da Katsina, mahara suna faɗa wa ƙauyuka su kwashe mata da yara, sai an tara wuri an bi sawu an fanso su. Wanda yake ubangida yau, gobe matarsa tana hannun wani ana cinikinta.

Kuma abin bai yi nisa ba. Dokar Turawan mulkin mallaka ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne. Kano ta faɗa hannunsu a 1903, bayi da yawa suka watse daga rinjoji, amma sai a 1936 aka soke bauta ɗungurungum a dokar Arewa. Kakannin dattawanmu na yau sun ga wannan da idonsu.

Ɗalibin fiƙihu zai ce, "Malam, ai littattafanmu suna da babin bawa mai gudu, yaya za a yabi wanda ya taimaka masa?" Tambaya ce mai kyau, kuma magabata sun amsa ta. Wancan hukunci yana magana ne a kan wanda bautarsa ta tabbata ta hanyar da shari'a ta sani a wancan zamani. Wanda aka haifa ɗa, aka fizge shi a gona ko a bakin rijiya, wanda aka zalunta ne, kuɓutar da shi kuwa taimakon wanda aka zalunta ne. Shaihu Ahmad Baba na Timbuktu, wanda shi kansa aka tafi da shi Marrakesh a ɗaure bayan mamayar Maroko, ya rubuta Mi'irajus Su'ud a 1615, ya lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ma ya bayyana haramcin bautar da 'ya'ya Musulmi a Wasiƙatu Ahlis Sudan. A Sahihul Bukhari kuwa, an ambaci wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama.

Ko ga wanda bautarsa ta tabbata, Alƙur'ani ƙofofin fita ya buɗe. Suratul Balad ta sa 'yanta wuya a gaba cikin ayyukan da ake haye tudu mai wuya da su. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ware masa kaso a zakka, aya ta 33 a Suratun Nur ta yi umarni a yi yarjejeniyar fansar kai da bawan da ya nema, kaffarori da dama kuma da 'yanta bawa suka fara. Da dukiyarsa Sayyidina Abubakar ya sayi Bilalu ya 'yanta shi. Saboda haka jarumar da ta buɗe wa kamamme ƙofa da tsakar dare ba baƙuwa ba ce a addininmu.

To, me ya sa muka yi shiru? A Amurka, yaran makaranta sun san Harriet Tubman, wadda ta gudu daga bauta a 1849, ta koma kusan sau 13 ta fito da mutum wajen 70, kuma littafin ƙagaggen labari na Uncle Tom's Cabin da ya fito a 1852 ya karkatar da zukata masu yawa ga ƙin bauta. Mu ma muna da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa tun 1934, labarin yaron da aka raba da uwarsa, ta bi sawunsa har hamada ita ma ta faɗa bauta. Amma kaɗan ne suka bi wannan turba. Abin da ya ɗaure mana harshe muna kiransa kunya.

A nan ya wajaba mu rarrabe. Kunyar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya cikin rassan imani ita ce mai hana mutum aikata mummuna. Ita ce kunyar budurwar labarin nan, wadda ta kasa furta so da bakinta, amma ba ta kasa tashi ba lokacin da ta ga zalunci. Wannan darasi ne da nake so 'ya'yanmu mata su ɗauka: sunkuyar da kai gaban manya ba ya nufin rufe ido ga ɓarna. Akwai kuma wata aba da ta ari sunan kunya, alhali tsoro ce da girman kai. Jikan mai rinji ba ya son a ce kakansa ya mallaki mutane, jikan wanda aka kamo yana fargabar gori, sai kowa ya kama bakinsa.

Da shirun ya binne maganar, da sauƙi. Amma tana tashi ranar neman aure. Sau nawa aka kawo mini ƙarar saurayi mai addini da sana'a, an yi bincike ba a samu aibi ba, sai wata gwaggo ta raɗa cewa asalinsu bayi ne, ko 'yan gidan makaɗa ne, aure ya watse ba a gaya wa yarinya dalili ba? Alhali mazhabarmu ta Malikiyya addini da halin mutum ta sa a gaba wajen dacewar ma'aurata. Annabi da kansa ya aurar wa Zaidu ɗan Harisa, 'yantaccen bawansa, Zainab 'yar gwaggonsa, ya kuma shawarci Fatima 'yar Ƙaisu, Baƙuraishiya, ta auri Usama ɗan Zaidu. Wanda ya ƙyamaci abin da Annabi ya ƙulla, sai ya binciki zuciyarsa. Ga kuma masu garkuwa da mutane a ƙasashen Katsina da Zamfara da Kaduna, sun dawo mana da tara kuɗin fansa da Baba ta ba da labari. Matashin da ya karanta zafin wancan zamani zai fi saurin gane cewa mai kai wa ɓarayin daji rahoto ko abinci magajin mahara ne.

Saura batun kiɗa. Saɓanin malamai a kan kayan kiɗa sananne ne, da rangwamen da aka yi ga mandiri a biki, kuma ba wannan shafi zai yanke shi ba. Amma ambaton makaɗi a labari ba kiɗa ba ne. Marubucin da zai zana ƙauyen Hausa na wancan ƙarni ba zai iya cire ganga ba, da ita ake kiran gayya, da ita ake shelar farauta, kalangu kuwa yana kwaikwayon hawa da saukar muryar Bahaushe har mai kunne ya fahimci saƙo. Waƙa ma hanya ce da Nana Asma'u ta bi ta karantar da matan karkara ta hannun jajis ɗinta. Inda za a kula shi ne lokacin da ake mayar da labarin sauti ana cusa masa waƙoƙin da ba su dace ba.

Ga marubuta, nasihata uku ce. Ku yi bincike, ku san bambancin fansa da murgu, wato bawa ya nemi na kansa yana biyan ubangida, ku zauna da tsofaffin Zarewa da Karaye tun suna raye. Ku tsare alƙalami daga batsa da keɓewar saurayi da budurwa, domin so mai kunya ya fi daɗin karantawa. Kuma kada ku ambaci gidan da jikokinsa ke raye ta yadda zai zame musu abin gori.

Da dattijon nan ya dawo, na mayar masa da wayar na ce, "Baba, wannan kam a bar mata, amma ka sa ta karanta maka da dare, kana gyara mata abin da ka ji daga bakin kakanninka." Ya yi shiru, can ya ce kakarsa ma an taɓa fanso ta, kuma bai taɓa gaya wa 'ya'yansa ba. Waiwaye adon tafiya ne.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, wanda aka kama da wanda ya fansa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai a yau, Ya ba mu kunyar da take imani. Allah ne Mafi sani.