Kofi Biyar Na Yaranmu Da Maganar Shekarun Aro

 Maganar da za mu kawo muku yau ta wasan ƙwallo ce, wanda dattawa suka fi sani da tamaula. Mun san akwai mai cewa ina ruwan malami ko falke da wasan yara. To, a yi haƙuri a ji ƙarshen zancen, gama yaran da ke wasan 'ya'yanku ne da almajiranku da yaran shagunanku, kuma aibin da ya shiga wasan aibi ne wanda ku kuka fi kowa sanin sunansa, ku ne kuma ke da maganinsa.

Nijeriya tana da ƙungiyar ƙwallo ta yara waɗanda ba su wuce shekara goma sha bakwai ba, ana kiranta Golden Eaglets, watau 'ya'yan gaggafa na zinariya. A shekarar 1985, wadda ta yi daidai da 1405 ta Hijira, hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, ta shirya gasar yara ta farko a ƙasar Sin, a lokacin iyakar shekarun sha shida ce. Yaranmu suka tafi ba wanda ya sa su a lissafi, suka kai wasan ƙarshe a birnin Bejin, suka ci Jamus ta Yamma biyu ba ko ɗaya. Mai koyar da su Sebastian Brodrick ne, shugabansu a fili kuwa Nduka Ugbade. Wannan shi ne kofin duniya na farko na FIFA da wata ƙasar Afirka ta ɗauka. Shugaban ƙasa na lokacin, Janar Muhammadu Buhari mutumin Daura, shi ya raɗa musu sunan da su ke amsawa har yau.

Daga nan sai abin ya zama kamar gado. A 1987 a Kanada suka sake kai wasan ƙarshe, Tarayyar Sobiyat ta rinjaye su da bugun fanareti. A 1993 a Japan suka ci Gana biyu da ɗaya, suka ɗauki kofi na biyu, cikinsu har da Nwankwo Kanu da Wilson Oruma da Celestine Babayaro. A 2001 Faransa ta ci su uku ba ko ɗaya a wasan ƙarshe. A 2007 a Koriya ta Kudu suka kayar da Sifen da bugun fanareti, kofi na uku ke nan, cikin yaran akwai Rabi'u Ibrahim ɗan Kano. Mai koyar da su, Yemi Tella, bai daɗe da dawowa ba ya rasu. A 2009 aka kawo gasar nan gida, aka buga wasanni a Kano da Kaduna da Bauci da waɗansu birane, Suwizalan ta ci mu ɗaya ba ko ɗaya a wasan ƙarshe a Abuja. A 2013 a Abu Dabi, ƙarƙashin Manu Garba ɗan Arewa, suka ci Meksiko uku ba ko ɗaya, shugabansu Musa Muhammed ɗan Kano shi ya jefa ta uku. A 2015 a ƙasar Chile suka ci Mali biyu ba ko ɗaya, Victor Osimhen shi kaɗai ya jefa ƙwallo goma a gasar. Jimla ke nan sau takwas suna kai wasan ƙarshe, sau biyar suna ɗaukar kofi. Ba wata ƙasa a duniya da ta kai wannan adadi. Burazil ma, da duk sunan da ta yi a ƙwallo, huɗu gare ta.

Lalle wannan abin alfahari ne, ba mai musu. Amma ɗan kasuwa ba ya duban cinikin safe ya ce ya ci riba, sai ya yi lissafi da yamma. Gasar yara ba don kofi aka kafa ta ba, an kafa ta ne don a reni waɗanda za su gaji manya. Manoman rani na bakin madatsar Tomas sun san bambancin gadon reno da gona: komai kyan da dashen tumatir ya yi a gadon reno, ba a kai shi kasuwa, sai an dasa ya yi 'ya'ya tukuna. To, mu duba gonar. Babbar ƙungiyarmu, Super Eagles, ba ta taɓa wuce zagayen ƙasashe goma sha shida ba a gasar duniya ta manya. Nan ta tsaya a 1994 da 1998 da 2014, a 2022 kuwa ko zuwa Katar ba ta yi ba. A gasar yara ta 2007 yaranmu sun ci Jamus uku da ɗaya, amma cikin waɗanda aka ci ɗin akwai Toni Kroos, wanda bayan shekara bakwai ya ɗauki kofin duniya na manya da ƙasarsa. Waɗanda suka ci shi fa? Kaɗan ne daga cikinsu aka ƙara jin ɗuriyarsu a manyan filaye.

Ba mu ce ba a sami amfani ko kaɗan ba. Kanu da Babayaro da Oruma suna cikin waɗanda suka ciwo zinariya a gasar Olimfik ta Atlanta a 1996, Kanu ya zama gwarzon Afirka a 1996 da 1999, Osimhen kuma a 2023. Sai dai amfanin bai kai yawan irin da aka zuba ba. Dalilan suna da yawa: akwai rauni, akwai rashin mai kula, akwai dillalan da ke kwashe yara su watsar. Amma akwai dalili guda wanda kowa ya sani, a ke kuma jin nauyin faɗinsa, shi ne rage shekaru. Kadan aka ɗauki saurayi ɗan ashirin da biyu aka rubuta masa sha shida, aka haɗa shi da yaran wata ƙasa, ai dole ya fi su ƙarfi da gudu da wayo. Amma bayan shekara takwas, sa'ad da waɗancan yaran ke tsakiyar ƙarfinsu, shi gwiwarsa ta fara sanyi, alhali takarda tana cewa ashirin da huɗu gare shi. Mafi muni kuma, ɗan sha shida na gaskiya wanda aka hana wa gurbi ya koma gida, ba wanda zai ƙara nemansa.

Wannan ba zargi ne na 'yan hassada ba, hukunci ya sha faɗa mana a kansa. A 1989 FIFA ta dakatar da Nijeriya daga gasar matasa har shekara biyu, domin an sami ranakun haihuwar waɗansu 'yan wasa da aka kai Olimfik ta 1988 sun saɓa da abin da aka rubuta musu a baya. Aka kuma karɓe gasar 'yan ƙasa da ashirin ta 1991 wadda aka shirya yi a nan, aka kai ta Fotugal. Daga 2009 FIFA ta shigo da awon ƙashi da na'urar da a ke kira MRI. Yadda abin ya ke, a ƙashin wuyan hannun yaro akwai wata tsaga ta guringuntsi inda ƙashin ke ƙara tsawo, kadan girma ya cika sai tsagar ta haɗe ta rufe. Na'urar na ɗaukar hoton wurin, wanda aka ga tasa ta rufe sarai sai a ce ya wuce sha bakwai. A 2016 aka auna yaran da aka tara a sansani, ashirin da shida suka faɗi awon, aka harhaɗa waɗanda suka rage cikin gaggawa. Suka ci Nijar ɗaya ba ko ɗaya a Abuja, Nijar ta rama uku da ɗaya a Yamai. Masu riƙe da kofin duniya ke nan suka kasa zuwa ko gasar Afirka, 'yan'uwanmu na Nijar kuwa suka wuce har gasar duniya ta 2017 a Indiya, suka kuma tsallake zagayen farko. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Tun daga nan ƙafar ba ta ƙara tsayawa sosai ba. A 2019 a Burazil Holan ta fitar da mu da ci uku da ɗaya a zagaye na biyu. A 2023 Burkina Faso ta ci mu biyu da ɗaya a Aljeriya, muka rasa gurbi. A 2025 aka faɗaɗa gasar ta zama ta ƙasashe 48 a Katar, Afirka ta sami gurbi goma, har Uganda ta je, mai kofi biyar ba ta je ba.

Mai adalci zai ce abu biyu a nan, kuma duka gaskiya ne. Na farko, kofin 2013 da na 2015 an ci su ne bayan an fara awon ƙashi, watau yaranmu suna da baiwa, ba su bukatar aron shekaru kafin su yi nasara. Wannan kuwa ƙara nauyin laifin ya ke yi, gama mai hatsi mai kyau da ya zuba tsakuwa a buhu ya fi mai ƙaiƙayi wauta. Na biyu, na'ura ba ta karanta ranar haihuwa, ƙashi kaɗai ta ke gani. Akwai yaro mai saurin girma wanda za ta kayar alhali bai yi ƙarya ba, akwai kuma babba wanda zai tsallake. Yaro mai gaskiya ba shi da abin da zai kare kansa sai shaida rubutacciya tun daga ranar da aka haife shi. A ƙauyukanmu kuwa da yawa ba su da ita. Uba zai ce an haifi ɗansa shekarar da aka yi fari, ko daminar da ruwa ya ci gada, in bukata ta taso a tafi kotu a yi takardar rantsuwar shekaru, a rubuta abin da ya dace da bukatar.

Nan ne maganar ta iso ƙofar malamai. Ba ɗan da a ke haifa a ƙasar Ɗambatta wanda ba a kiran malami ran suna ya raɗa masa. Malamin nan yana da alƙalami, yana da tawada, ya san kwanan wata. Me zai hana kowane limamin unguwa ya ajiye littafi guda, ya rubuta sunan jariri da na ubansa da ranar haihuwa, da lissafin Hijira da na Miladiyya, ko da ajami ne, sa'an nan ya umurci uban ya je wurin ma'aikatan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ya karɓo takardar haihuwa tun jaririn yana cikin zanen goyo? Amfanin wannan ya wuce ƙwallo nesa. Da shi a ke shiga makaranta, da shi a ke ɗaukar aiki da barinsa, da shi a ke sanin lokacin da maraya ya isa a miƙa masa dukiyarsa. Haka kuma ya kamata malamai su riƙa faɗi a wurin karatu cewa rantsuwa a kan shekarun ƙarya shaidar zur ce, ko da don neman gurbi a fili aka yi ta.

Akwai malaman da ke ganin wasan kansa shagala ne, kuma ba za a ce ba su da hujja ba, tun da an ga yaran da ya raba da allo da gona. Amma hani bai hana ba. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura da la'asar sakaliya zai ga yara suna bin ƙwallo a kowane fili, da takalmi da babu. Abin da ba ya hanuwa gara a yi masa ƙa'ida: a yi shi bayan an tashi daga karatu, a watse kafin magariba, kada a yi caca a kansa, kada ya hana noma da damina. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Ku kuma 'yan kasuwa, ku ne a ke zuwa wa neman gudummawar riguna da kofi in za a yi gasar unguwanni. Ku bayar, amma ku sa sharaɗi: gasar yara ta yara ce, kowane ɗan wasa ya zo da takardar haihuwarsa ko shaidar malaminsa da mai unguwarsa. Wanda ba ya yarda a auna masa da mudu biyu a kasuwar Lahadi, kada ya ba da kuɗinsa a yi awo da mudu biyu a fili. Ku kuma ja kunnen abokan cinikinku game da dillalan da ke zuwa da alkawarin kai yaro Turai. Dokar FIFA ta hana a sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara sha takwas, sai a waɗansu halaye ƙalilan. Saboda haka duk wanda ya ce a sayar da sa ko a jinginar da gona a ba shi kuɗin jirgi don ɗan sha biyar, ko dai zai ƙara wa yaron shekaru, ko kuwa zai yar da shi a ƙasar da ba shi da kowa. Yaro mai baiwa ya fara da kulob na gida. Ahmed Musa a Kano Pillars ya yi suna kafin Turawa su neme shi.

Ga hukumar ƙwallo ta ƙasa kuwa shawararmu guda ce. Muddin ana korar mai koyar da yara don bai kawo kofi ba, to, ana tura shi ne ya nemo manya. A auna shi da yawan yaransa da suka kai babbar ƙungiya bayan shekara biyar ko shida. A riƙa zagaya makarantu da ƙananan hukumomi ana tsintar yara tun suna sha biyu, a rubuta su, a bi girmansu shekara da shekara, yadda ran gasa ba sai an tambayi ƙashi ba. In an yi haka, ko an yi shekara goma ba a ga kofi na shida ba, ba a yi hasara ba.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba malamanmu da 'yan kasuwarmu ikon tsayawa a kan gaskiya, amin. Haza wasalam.