Kafin ka faɗa ruwa ceton abokinka

1/
Ruwa ya sauka, rafuka da kududdufai sun cika daga Ikara zuwa Makarfi har Hunkuyi. Ra'ayina zai ɓata wa wasu rai: idan abokinka na nutsewa, tsalle cikin ruwan shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ka yi.

2/
Na san me za a ce. "Haba, ka tsaya kana kallo ɗan'uwanka na mutuwa?" Ai ba tsayawa kallo nake nufi ba, cewa nake ka yi lissafi. Sau da yawa gawa biyu ake fitarwa, ta biyun ta wanda ya je ceto ce.

3/
Wanda ke nutsewa ba ya cikin hayyacinsa. Duk abin da hannunsa ya taɓa zai hau kansa ya danna ƙasa don ya samu iska, ko da wuyanka ne. Iya iyo a kududdufin unguwa daban, ɗauko ƙato a ruwa mai gudu kamar Galma daban.

4/
Ga tsarin da nake ganin ya dace. Fara da ihu, jama'a su taho. Sai ka miƙa masa gora, sanda ko doguwar riga, kana kwance a bakin gaɓa don kada ya fizgo ka.

5/
In ya yi nisa, jefa masa abin da ke yawo a ruwa. Jarka mai lita 20, babu komai ciki, murfi a ɗaure, tana ɗaga nauyin kusan kilo 20. Ya isa ya riƙe kan babban mutum a sama. In da igiya, ɗaura mata.

6/
In a kwalekwale kuke, kada kowa ya ruga gefe ɗaya. Miƙa masa filafili, ya kama ta baya ko ta goshin jirgin. Jawo mutum ta gefe kan kifar da kowa.

7/
Ku tuna Bagwai, 30 ga Nuwamba 2021, a dam ɗin Watari: aƙalla mutum 29, galibi ɗaliban Islamiyya. A irin wannan, mutum ɗaya da ya faɗa ruwa hannu rabbana, wa zai fara ɗauka?

8/
Akwai lokacin shiga, ban musa ba. Ƙaramin yaro a ruwan da bai wuce ƙirjinka ba, shiga. Ruwa mai zurfi kuwa, sai ka ƙware, da jarka a hannunka, ka sa ta tsakaninku. Masunta sun fi mu sanin wannan, a kira su.

9/
Bayan an fito da shi, ban da juya shi kai ƙasa ko matse masa ciki. In ba ya numfashi, a hura masa iska ta baki, a danna ƙirji, a garzaya asibiti.

10/
Mu daina kiran wanda ya tsaya neman igiya matsoraci, wallahi wannan gorin ne ke tura samari ruwa. Ku tura wa abokan da kuke zuwa rafi tare. Allah ya tsare mu.