Abincin Taro: Me Zai Hana Mu Shirya Shi Tun Jiya?

Duk wanda ya taɓa halartar liyafar Kirsimeti ko bikin godiya na kaka a ekklesiyarsu, ina so ya tuna da abu ɗaya. A lokacin da ake waƙar buɗe sujada, ina matan da suka dafa abincin suke? Suna can bayan majami'a cikin hayaƙi, wata tana tuƙa tuwo, wata tana tace shinkafa, wata kuwa ta ruga gida neman murfin tukunya. Sai ana addu'ar rufewa suke shigowa, idanu jajur, zani yana ƙaurin itace. Mahaifiyata ta yi shekaru da yawa a Zumuntar Mata, amma ban iya tuna ranar taro ko ɗaya da ta zauna ta ci abinci tare da baƙi ba. Tun asuba take kan tanda tana toya waina, in an watse kuma ita ce mai kankare tukwane.

Ra'ayina shi ne, a kowane taro na iyali ko na ekklesiya ko na makaranta, ya kamata a sami aƙalla abinci ɗaya mai ƙosarwa wanda aka gama shi tun jiya. Ina kuma da misali, ko da yake daga nesa ya fito. Abinci ne na mutanen kudancin Amurka, wanda in za a ba shi suna da Hausa sai a ce kwaɗon burodin masara.

Na fara cinsa ina aji uku, a gidan wata malamarmu Ba'amurkiya da ta gayyaci 'yan ajinmu cin abinci. Ta fito da wani babban kwanon gilashi daga firji, ana hango abin da ke ciki hawa-hawa: rawaya a ƙasa, ja a tsakiya, kore, fari, sai kuma rawaya. Da ta ce mana tun daren jiya ta haɗa shi, muka kalli juna. A wurinmu abincin da ya kwana ɗumame ne, na 'yan gida, ba a kai wa baƙo. Amma muka ci, muka ƙara. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne, matar ta zauna tare da mu daga farkon hira har ƙarshe, ba ta leƙa kicin ba ko sau ɗaya.

A jihohi irin su Tenesi, Alabama, Jojiya da Misisipi, burodin masara shi ne abin da tuwo yake a wurinmu. Masara dai asalinta daga kudancin Meksiko ne, inda aka fara nomanta kimanin shekara 9,000 da suka wuce, kuma daga 'yan asalin nahiyar ne Turawan da suka je can suka koyi cinta. Alkama ba ta yin kyau sosai a kudancin Amurka saboda zafi da laima, don haka talaka, fari da baƙi, da garin masara ya rayu. Ana kwaɓa shi da nono mai tsami da ƙwai, a gasa a kaskon baƙin ƙarfe mai nauyi. A garin South Pittsburg na jihar Tenesi, inda kamfanin Lodge yake ƙera irin wannan kasko tun 1896, har biki ake yi wa burodin masara kowace shekara tun daga 1997.

To, wannan burodi yana da hali ɗaya: in ya kwana sai ya bushe ya riƙa marmashewa. Mutanen can ba su saba zubar da shi ba. Tsofaffinsu sukan marmasa shi cikin kofin nono su sha da cokali, kamar yadda muke dama fura. Kwaɗon da nake magana a kai daga irin wannan tattali ya fito. Ba su kaɗai ba ne ma. Italiyawa suna da nasu haɗin na busasshen burodi da tumatir, mutanen Labanan suna da fatush, mu kuma wa zai manta da kwaɗon ƙanzo?

Wurin da aka fi ganin wannan abinci shi ne taron da kowane gida yake kawo kwanonsa a haɗa a ci tare, wato abin da muke kira ciyayya. Majami'un ƙauyukan kudancin Amurka suna da tsohuwar al'ada ta jera dogayen tebura a ƙarƙashin itatuwa bayan sujada, musamman ranar da 'yan gari da ke zaune a birni suke komowa gida. Matar da za ta je sujada ƙarfe goma, ta kuma kawo abin da zai ishi mutum goma sha biyar, dole ta nemi abincin da ba ya bukatar wuta da safe. Bukata ce ta sa suka riƙe shi, ba ƙwalisa ba.

Ga yadda ake yinsa. Da farko burodin. A sami garin masara kofi 2, wanda niƙansa bai yi laushi kamar na tuwo ba. Wanda yake so ya yi taushi sai ya rage rabin kofi ya cika da fulawa. A zuba gishiri ƙaramin cokali 1, bekin foda ƙaramin cokali 2, ƙwai 2, nono kofi ɗaya da rabi, da mai kwatan kofi. A juya kaɗan kawai, ba a buga shi kamar ƙullun ƙosai. A shafa wa kasko mai, a bari ya yi zafi kafin a zuba, domin wannan ne ke ba shi ɓawon ƙasa mai ƙaras-ƙaras. A gasa minti 20 zuwa 25 a wuta mai ƙarfi, wajen digiri 200 a ma'aunin santigiret. Wanda ba shi da obin, tukunya da yashi a ƙasa da garwashi a kan murfi ta isa, kamar yadda iyayenmu suke gasa kek. Amurkawa da yawa ba sa ma wahalar kwaɓi, sukan sayi haɗaɗɗen gari na kwali irin Jiffy. Ni dai ina ganin wannan ya cika zaƙi. A bar burodin ya huce sarai, sa'an nan a marmasa shi manya-manya. Wanda ya zuba kayan haɗi a kan burodi mai ɗumi, kunu zai tarar da safe.

Sai kayan da ake jerawa. Dafaffen wake kofi 2, wanda bai farfashe ba, an tsane ruwansa. Dafaffiyar ɗanyar masara da aka gurje daga totuwa, kofi 2. Tumatir manya 4, a cire 'ya'yan da ruwan cikin. Koren tattasai 2, albasa 1, da lawashi. Su can sukan ƙara gurzajjen cuku da soyayyen naman alade. Game da wake kuwa akwai abin lura. Wasu suna sa wani wake mai dabbare-dabbare, wasu kuma farin wake mai baƙin ido. Wannan na biyun wakenmu ne, daga Afirka ta Yamma ya tafi can a zamanin cinikin bayi, kuma har yau Nijeriya da Nijar ne kan gaba wajen nomansa a duniya. Wato masararsu ta zo mana, wakenmu ya je musu, suka haɗu a kwano ɗaya.

Abin da ke haɗa kan kayan shi ne wani farin miya mai kauri. Asalinsa mayonis ne da kirim mai tsami da garin tafarnuwa da busasshen ganye mai ƙamshi, irin haɗin da wani mutum mai suna Steve Henson ya shahara da shi a gidan gonarsa na Hidden Valley a jihar Kalifoniya cikin shekarun 1950. A gida ana iya yinsa da mayonis kofi 1, kindirmo kofi 1, tafarnuwa, masoro, gishiri da ruwan lemun tsami kaɗan. A shimfiɗa rabin burodin a ƙasan kwano, sai rabin wake, masara, tumatir da sauransu, a rufe da rabin miyan. A sake maimaitawa. A rufe kwanon sosai a sa a firji ya kwana.

Kwanan nan da yake yi ba haƙuri ake da shi ba, shi ne ainihin girkin. Cikin dare busasshen burodin yana shan miyan da ruwan tumatir a hankali, ya yi laushi ba tare da ya narke ba. Kaifin ɗanyar albasa yana raguwa, gishiri yana ratsa wake. In ka ci shi da zarar an haɗa, za ka ji kowane abu daban, burodi yana shaƙe ka. In ka ci washegari, ɗanɗano ɗaya za ka ji. Saboda haka wanda ya ce kai wa baƙo abin da ya kwana raini ne, sai in tambaye shi: ƙullun waina ba kwana yake yi ba? Daddawa fa, kwana nawa take yi kafin ta shiga miya? Akwai bambanci tsakanin abin da ya ragu aka ajiye da abin da aka yi niyyar ya kwana.

Amma akwai wata suka da ba zan iya kaucewa ba, domin gaskiya ce. Wannan abinci ɗan firji ne. Mutanen da suka ƙirƙiro shi ba sa tunanin ɗaukewar wuta da tsakar dare. A cikin kwanon nan akwai nono, dafaffen wake, nama da yankakken tumatir, kuma hannu ya taɓa kowannensu bayan an sauke daga wuta. Ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa da sauri tsakanin digiri 4 da digiri 60, wasunsu suna ninka yawansu cikin minti 20. Ma'aikatar aikin gona ta Amurka tana gargaɗin kada irin wannan abinci ya wuce awa 2 a waje, in kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 kacal. Ku auna wannan da ranar bikin Ista a watan Afrilu. Mutane sukan ɗora wa mayonis laifi, alhali na kwalba yana da tsamin da ke hana ƙwayoyin cuta sakewa. Haɗarin ya fi yawa a wake da nama da hannun da ba a wanke ba, da kuma mayonis ɗin gida da aka yi da ɗanyen ƙwai. Mafi muni kuma, abinci yana iya zama guba alhali bai canza wari ko ɗanɗano ba.

Kuskuren girkin gida mutum biyar yake kwantarwa, na girkin taro kuwa jama'a ce. A watan Afrilu na 2015, a garin Lancaster na jihar Ohayo, mutane fiye da 20 sun kamu da wata muguwar guba mai shanye jiki bayan ciyayya a wata majami'a, har aka rasa rai. Bincike ya nuna kwaɗon dankali ne, wanda aka yi da dankalin da aka adana a kwalba a gida ba bisa ƙa'ida ba. Wannan ba matsalar sanyi ba ce, amma ya nuna nauyin da ke kan duk wanda ya ɗauki kwano ya nufi taro.

Don haka ga inda na tsaya. Mai firji da tabbacin wuta, ko mai kula da isasshiyar ƙanƙara, ya haɗa tun dare, ya kai shi wurin taro a cikin kular, kada ya fito da shi sai an yi addu'ar cin abinci. Abin da ya ragu bayan ya sha rana a zubar, kada a ce za a kai wa yara gida. Wanda ba shi da waɗannan kuwa, kada ya gwada kwana da haɗin. Ya gasa burodin tun jiya, wannan ba ya lalacewa a dare ɗaya, kuma shi ne aikin da ya fi cin lokaci. Da safe ya tafasa wake da masara, ya wanke kayan lambu da ruwa mai tsabta, ya bar nono da mayonis, ya yi amfani da man gyaɗa da lemun tsami. Ɗanɗanon ba zai kai na wanda ya kwana ba, na yarda, amma aikin safe ya ragu ƙwarai, ba tuƙi, ba suya.

Naman alade kuma shawarata a bar shi gaba ɗaya. A bukukuwanmu akwai maƙwabta da abokan aiki Musulmi, akwai ma 'yan'uwa masu bi da ba sa ci. Ba daidai ba ne ka ajiye kwano a teburin kowa da kowa wanda sai an tsaya ana tambayar abin da ke ciki. Kilishi da aka yayyaga ƙanana yana ba da gishiri da ƙamshin da ake nema, in aka barbaɗa shi a sama dab da za a ci. Cuku yana da tsada, kuma na gwada ba shi, babu wanda ya nemi ba'asi.

Ya ku ɗalibai, musamman ku samari, wannan aiki bai fi ƙarfinku ba. Babu tuƙin tuwo a cikinsa, babu gwanintar miya. Yanka ne da jerawa da wanke hannu. In kun koma gida hutun Kirsimeti, ku roƙi Mama ta bar muku abinci ɗaya daga cikin na baƙi. Ku gasa burodin ranar 24 ga Disamba da yamma, ku gwada rabin wannan awo tukuna don ku ga halin garin masararku, domin wani garin ya fi wani shan nono. In ƙullun ya yi kauri ya ƙi zubowa daga cokali, ku ƙara nono kaɗan-kaɗan kafin ku zuba a kasko.