Mun Raina Mai Shayi, Alhali Ba Mu San Sana'arsa Ba

Wannan makon da kanmu za mu yi faɗa.

A duba littattafanmu. Duk inda mai shayi ya fito, aikinsa ɗaya ne: ya kwaso gulmar unguwa, a yi masa dariya, jarumi ya wuce cikin motarsa. Kullum muna zama a bencinsa, muna shan haɗin kauri idan aljihu da nauyi, ruwan bunu idan wata ya yi nisa, amma ba mu taɓa tambayar ta hannun wa da wa ganyen ya biyo ba. Ko sunan ganyen ba mu riƙe ba, kowane iri Lipton muke ce masa. Wannan lalaci ne, kuma shi ke sa labaranmu suna fitowa salam.

Cinikin shayi mai daraja a kan sanayya da amana ya ginu. A Darjeeling, gindin tsaunukan Himalaya a Indiya, gonaki 87 ne aka yarda su sa wa shayinsu wannan suna, kuma tun 2004 doka take kare sunan. Mai saye ba ya tsayawa a "shayin Indiya". Sai ya ji wace gona ce, kuma tsinkar farko ce ta Maris da Afrilu ko ta biyu ta Mayu da Yuni, don ɗanɗanonsu daban, kuɗinsu daban. Mata ne galibi ke tsinka da hannu, ganye biyu da toho ɗaya. Kafin a yanka farashi, masu ɗanɗano za su jera kofuna, su auna ganye daidai wa daida, su zuƙa da cokali, su tofar, sannan su faɗi gaskiyar abin da harshensu ya ji. Dillalin da ya yabi ganye mara kyau, baɗi ba mai sauraronsa.

A Mombasa ta Kenya duk mako ake gwanjon shayi, har da na Uganda da Ruwanda da Tanzaniya. Ƙananan manoma fiye da rabin miliyan ne a Kenya ke kai ganyensu masana'antun da ke ƙarƙashin KTDA. Mai 'yar ƙaramar gona shi kaɗai ba zai iya kai buhu bakin teku ba, haɗuwar ce ta kai shi.

Mu dawo gida. A tsaunin Mambila, Ƙaramar Hukumar Sardauna a Jihar Taraba, ana noman shayi, kuma a Kakara ake sarrafa Highland Tea. Mu nawa ne muka taɓa sa labari a can? Mun fi son kai jarumarmu Dubai, garin da a waya kawai muka san shi. A Damagaram da Yamai kuwa, samarin fada koren ganyen da aka yo odarsa daga Sin suke dafawa a 'yar buta bisa gawayi, a yi ta juye shi daga sama har ya yi kumfa, a sha na farko mai ɗaci, a bi da na biyu da na uku. Wanda ya tashi bayan na farko bai ji komai ba, don sai a na uku ake fito da maganar aure, ta bashi, ta tafiya ci-rani. Shi ma mai shayin unguwarmu yana da wanda ke ba shi madara da sukari bashi a Kasuwar Singa, da gidan burodin da ke sauke masa da asuba, da yaron da ya ɗauko daga ƙauyensu yana koya masa, da littafin masu ci yanzu su biya ƙarshen wata. Mutum ɗaya ya ci amana, duka layin ya girgiza. Ina rikicin labari ya wuce wannan?

Wani zai ce masu karatu soyayya suke so. To, wa ya hana ɗiyar manomin shayi a Gembu yin soyayya? Wa ya ce yaron mai shayi ba ya da zuciya? Gaskiyar ita ce bincike muke gudu. Ya fi sauƙi a kwafi falon Alhaji daga littafin wani a kan a zauna awa biyu ana tambayar mai sana'a.

Sannan akwai darasin da ya fi ciwo. Masu shayi suna da masu ɗanɗano, mu ba mu da su. Mutum ya kawo rubutu ɗanye a taron ƙungiya, sai "Masha Allah, alƙalami ya yi kaifi." Wanda ya ce a nan gishiri ya yi yawa, an sa masa sunan ɗan hassada. Zumuncin da ba ya ɗaukar gyara ba zai fitar da marubuci ba, kamar yadda yabon dillali ba ya gyara ganyen da ya ƙone.

Don haka aikin makon nan: kowa ya je wurin mai shayin unguwarsu, ya biya kuɗin kofinsa, ya tambaye shi daga ina ya zo, wa ya koya masa, wa yake bi, wa ke binsa. A rubuto shafi ɗaya. Idan an kawo, mu ɗanɗana tsakani da Allah, wanda aka yi wa gyara kuma ya ce na gode.

Allah Ya ƙara mana basira.